Yadda za ki kare yara daga gubar dalma da abincin gida

'Yan uwana mata na Maradi, maganar dalma ba wasa ba ce wallahi, a 2010 nan maƙwabtanmu Zamfara yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya mai ɗauke da dalma da ake daka a cikin gida.

Farko ki raba yaro da tsohon batirin mota da kwallin da ba ki san asalinsa ba, ki wanke masa hannu kafin ya ci abinci. Kar ki bar shi da yunwa, cikin da ba komai ya fi tsotsar dalma. Ki yawaita kwaɗon zogale, wake, miyar kuka, ki matsa lemun tsami, don sinadarin ƙarfe da kalsiyam da ke cikin irin wannan abincin suna rage shigar dalma jini.

Kurkum da tafarnuwa kuma an gwada su a kan dabbobi an ga suna rage ɓarnar guba a hanta da ƙoda, amma dai taimako ne, ba magani ba. Ni saiwar kurkum nake saye in daka da kaina, don wasu ƙasashe an kama masu zuba dalma a garinsa ya ƙara launi.

In yaro yana amai ko jijjiga, maza asibiti a auna jininsa.