Masu haɗa ƙaramar desktop, ga shawara kan storage da RAID (haɗa drive biyu ko fiye su yi aiki kamar ɗaya)

Jama'a dan Allah kafin ku sayi drive ku fara duba gurbi nawa ke cikin akwatin, irin su Mini-ITX (ƙaramin motherboard) yawanci gurbin M.2 (inda ake soka siririn drive na SSD) ɗaya ko biyu ne sai wajen ɗaura SSD mai inci 2.5, kuma wasu motherboard ɗin da ka sa M.2 na biyu sai su kashe maka wata tashar SATA (inda ake jona drive da waya), wannan yana rubuce cikin manual.

Ni dai a ganina NVMe (SSD mai sauri da ake sawa a gurbin M.2) ɗaya ya isa Windows da manhajoji, na PCIe 4.0 (nau'in hanyar da yake haɗuwa da motherboard) yakan kai 7,000 MB a daƙiƙa, shi kuwa SATA bai wuce 550 ba, to me ya kai ka RAID 0? Raba bayanan yake tsakanin drive biyu, ɗaya ya mutu shikenan komai ya tafi. RAID 1 ya fi hankali, kwafi ɗaya yake rubutawa a duka biyun, sai dai 2TB biyu 2TB kawai za ka mora. RAID 5 kam sai da drive uku aƙalla, ina wajen yake?

Kuma RAID 1 ɗin ma in ka goge fayil bisa kuskure ko virus ta shiga, nan take ɗayan ma ya gogu, don haka a aje kwafi a external drive daban.

In hard disk za ka sa a RAID nemi CMR ba SMR ba (salon rubuta bayanai a faifai ne duka biyun), SMR yana jan ƙafa wajen rebuild, wato sake cika sabon drive bayan ɗaya ya mutu. M.2 na bayan motherboard kuma ka lura da zafinsa, iska ba ta kai masa sosai.