Yadda Ake Tsara Kasafin Kuɗin Cibiyar Binciken Soja

Wanda aka ɗora wa kasafin cibiyar binciken soja aikinsa da wuya, domin ana so ya yanke farashin abin da ba a ƙera ba tukuna. Amurka ta daɗe tana fama da wannan, kuma akwai abin koyi a hanyar da ta bi.

Da farko, fara da buƙata, kada ka ɗauko takardar bara ka ƙara mata kashi goma. Kafin 1961, sojojin ƙasa da na ruwa da na sama a Amurka kowa nasa lissafin yake kawowa, har a biya kuɗin aiki iri ɗaya sau biyu. Da Robert McNamara ya zama sakataren tsaro sai ya kawo tsarin PPBS: a tattara kuɗi bisa aikin da ake son cimmawa, a kuma hango shekara biyar gaba.

Na biyu, raba kuɗin gida-gida: na binciken tushe daban, na gwaji daban, na ƙera samfuri daban. In ka cuɗa su, samfuri zai cinye na sauran, don shi ake iya nuna wa manya ranar ziyara.

Mataki na uku shi ne ƙashin bayan aikin. Kada a saki kuɗi gaba ɗaya. Hukumar binciken soja ta Amurka, DARPA, wadda aka kafa a 1958, tana tantance aiki da tambayoyin George Heilmeier, shugabanta daga 1975 zuwa 1977. Me kake son yi, a faɗa ba da kalmomin masana ba? Yaya ake yin sa yau? Wa zai amfana? Nawa zai ci, tsawon wane lokaci? Da wace jarrabawa za a gane an yi nasara? Rubuta amsoshin a cikin takardar kasafin kanta. A ce injiniya ya yi alkawarin jirgi marar matuƙi zai yi awa shida a sama nan da wata tara. Ranar gwaji ya yi awa biyu ya sauko. Kashi na gaba na kuɗin ya tsaya ke nan, sai ya zo da hujja. A ganina, cibiyar da ba ta taɓa rufe wani aiki ba, ba ta auna komai.

Na huɗu, yi hattara da kasafin da ake farawa daga sifiri, inda kowane kobo sai an kare shi daga tushe. Shugaba Jimmy Carter ya shigo da shi gwamnatin Amurka a 1977, aka yi watsi da shi a 1981 saboda tulin takardu. Najeriya ma ta gwada shi a kasafin 2016. Yana tono ɓarna, amma bincike ba ya nuna a shekara guda, don haka yi irin wannan kasafin jefi-jefi.

Daga ƙarshe, nemi izinin tsallakar da kuɗi zuwa baɗi. A Amurka kuɗin binciken soja shekara biyu ake ba shi kafin wa'adinsa ya ƙare, abin da ke rage sayayyar gaggawa a ƙarshen shekara don kawai kada kuɗi ya koma baitulmali.