Yadda ake gwada malalar dam da ƙaramin samfuri kafin a zuba kankare

Ƙaramin samfurin dam na iya kama da ainihin ginin ciki da waje, amma lissafinsa ya ɓatar da kai. Kamannin siffa kaɗai ba ya isa, sai ruwan ma ya yi irin tafiyar da zai yi a babban ginin.

Da farko ka tsayar da ma'auni, a ce 1:25. Tsawo da faɗi da tsayi duk ka raba su da 25, kusurwoyi kuwa ka bar su yadda suke.

Mataki na biyu shi ne ƙashin bayan aikin: ka tantance wane ƙarfi ne ke juya ruwan. In ruwa ne a buɗe, kamar wanda ke gangarowa ta malalar dam, wato hanyar da rarar ruwa ke bi ta fita, nauyinsa ne ke jan sa ƙasa, don haka lambar Froude za ka bi. Ana samun ta ne in an raba gudun ruwa da tushen murabba'in g (ƙarfin jan ƙasa) sau tsawo, kuma dole ta zo ɗaya a samfuri da gini. In kuwa ruwan na cikin bututu a cike, danƙonsa ne ke da ta cewa, sai a koma ga lambar Reynolds, wadda ta samo suna daga gwajin da Osborne Reynolds ya wallafa a 1883. Kada ka ce sai ka cika duka biyun. A ma'aunin 1:25 hakan na buƙatar ruwan da danƙonsa bai kai na ruwan sha ba har sau 125, ba kuwa za ka same shi ba. Ni a ganina, nan ne mafi yawan masu koyo ke ɓata lokacinsu.

Daga nan sai lissafi. Tushen murabba'in 25 shi ne 5, saboda haka gudun mita 2 a daƙiƙa a samfuri na nufin mita 10 a ginin gaske, minti ɗaya kuma na nufin minti biyar. Yawan ruwan da ke wucewa ana raba shi da 25 sau 25 sau 5, wato 3,125. Ambaliyar mita kubik 250 a daƙiƙa ke nan za ta koma lita 80 a daƙiƙa a samfuri, kuma da wannan adadin za ka zaɓi famfo. Ƙarfin turin da aka auna a samfuri ana ninka shi da 15,625, wato 25 sau 25 sau 25, a samu na ginin gaske.

Sai ka kula da fuskar samfurin. Kaushin kankare ma ana rage shi, shi ya sa ake amfani da roba mai santsi kamar gilashi.

Kafin ka ɗauki awo ko ɗaya, ɗiga rini ka kalla. In ya watse nan take, ruwan na hautsinawa kamar na gaske. In ya miƙe siriri kamar zare, samfurin ya yi ƙanƙanta, danƙo ya karɓe iko. Haka nan in zurfin ruwa bai wuce santimita biyu ko uku ba, fatar saman ruwa za ta riƙe shi a bakin malala ta ɓata awo. Maganin duka biyun shi ne a ƙara girman samfurin, a sake lissafin famfo daga farko.