Kafin Ka Sayi Kifin Ado: Yadda Za Ka Tace Maganar Mai Shago

Kifi shida na saya a karon farko, wata ranar Asabar a nan Kano, bayan 'yata ta ga akwatin gilashi a gidan ƙawarta ta dawo ta hana ni sakat. Golfish huɗu ne, wato kifin adon nan mai ruwan zinariya, sai wasu baƙaƙe biyu masu manna baki a jikin gilashi, waɗanda mai shagon ya ce su ne 'yan shara. Na tambaye shi ko akwai wani shiri da ake yi wa ruwan tukuna. Ya ce, "Haba Alhaji, shirin me? Ka cika ruwa yau ka zuba su yau. In ya yi datti ka zubar ka sa sabo." Ya haɗa ni da wani ɗan akwati da ko jarka ɗaya ba ya ci, da gwangwanin abinci, ya ce a ba su safe da rana da dare.

Ba a yi kwana goma ba suka fara taruwa a saman ruwa suna buɗe baki kamar masu haki. Wata safiya yarinyar ta tashe ni, ta ce, "Abba, zo ka ga wannan ya kwanta a gefe, ba ya motsi." Na koma shagon. Abin da na samu shi ne, "Ai haka kifin nan suke, ba sa daɗewa," da wata kwalbar magani shuɗi. Cikin mako uku biyar suka mutu. Har yau in na tuna fuskar yarinyar nan tana leƙen akwatin sai raina ya ɓaci, domin da na sani da wuri, ko ɗaya ba zai mutu ba.

Ba na cewa duk mai sayar da kifi macuci ne. Da yawansu yaran shago ne, abin da suka ji daga bakin maigidansu shi suke maimaitawa. Kifin ma mako ɗaya ko biyu yake yi a hannunsu ya tafi, ba su taɓa ganin yadda yake ƙarewa ba bayan wata shida. Sai dai fa a sani, shagon ba ya asara idan kifinka ya mutu, domin gobe kai ne za ka dawo sayen wani. Saboda haka dole ka shiga da naka ilimin.

Abin da ya kashe kifina ba cuta ba ce, ruwa ne. Kifi yana fitar da wata guba da ake kira amoniya, ta wurin numfashinsa da kuma kashinsa, sannan ragowar abincin da ya ruɓe ma yana ƙara ta. A kogi ruwa ne ke tafiya da ita. A akwatin gilashi kuwa ba ta da wurin zuwa, sai dai wasu bakteriya masu amfani su cinye ta. Kashi na farko suna mayar da amoniya ta zama naitirait, wadda ita ma guba ce, tana hana jinin kifi ɗaukar iska. Kashi na biyu su mayar da naitirait ta zama naitiret, wadda ke da sauƙin illa, ita ce kake ragewa idan ka canza ruwa. Waɗannan bakteriya a jikin soson filta, wato na'urar tace ruwa, da tsakuwa suke zama, kuma sabon akwati ba shi da isassu. Kafin su yawaita ana ɗaukar mako 4 zuwa 6. Duk wanda ya ce maka ka zuba kifi shida a ranar da ka cika ruwa, to ya sa ka jefa su cikin gubar jikinsu ne. Kuma kada hasken ruwa ya ruɗe ka: amoniya ba ta da launi, ruwa zai yi garai-garai alhali yana ƙona kifi.

Don haka sau biyu ake zuwa shago. Zuwan farko ba ka fitowa da kifi ko ɗaya, ko da yara sun yi kuka. Abin da za ka saya shi ne akwati, filta, famfon iska, ma'aunin zafi, maganin kashe kulorin (sinadarin da ake sa wa ruwan famfo), da kayan gwajin ruwa masu auna amoniya da naitirait da naitiret. Kayan gwajin da ake ɗigawa a ruwa sun fi na takardar da ake tsomawa gaskiya. In mai shagon ya ce bai san su ba, ko ya ce ba a buƙatarsu, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka iyakar saninsa. Ka nemo su ta intanet. A gida ka cika ruwa, ka kunna filta, kullum ka jefa ɗan abincin kifi kamar abin da za ka tsunkuno da yatsu biyu, ka bar shi ya ruɓe. Kana gwadawa bayan kwana biyu-biyu za ka ga amoniya ta hau, ta sauka, naitirait ta hau, ita ma ta sauka. Ranar da dukkansu biyun suka nuna 0, naitiret kuma ta bayyana, ruwanka ya shirya karɓar kifi. In kana da aboki mai tsohon akwati da lafiyayyun kifi, roƙi yankin soson filtarsa ka sa a taka, zai rage maka jira sosai.

Batun girman akwati, kada ka yarda da "wannan ya isa". Tafi da tef ɗin awo. Ka ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita, ka raba da 1,000, abin da ya fito shi ne lita. Akwati mai 60 da 30 da 30 lita 54 yake ci, wato jarka biyu da ɗan ɗori. Ni da shi nake ba mai farawa shawara, domin ƙaramin ruwa ya fi saurin lalacewa da saurin ɗaukar zafi. Wancan kwanon gilashi mai kamar tulu da ake sayarwa a matsayin kyauta, babu kifin da ya dace da shi. Ka tuna kuma kowace lita kilo ɗaya ce, sai ka duba teburin da za ka ɗora a kai.

A zuwa na biyu ne ake yin jarrabawa, kuma kai ne mai tambaya. Dabarata ita ce in fara da tambayar da na riga na san amsarta. In nuna golfish in ce, "Malam, wannan in ya girma ina yake kaiwa?" In ya ce, "Ai daidai akwatinka yake tsayawa," to daga nan na daina ɗaukar shawararsa, sai dai ciniki kawai. Golfish na gama-gari yana kaiwa santimita 25 zuwa 30, yana wuce shekara 10 a raye in ya samu kulawa. Wanda ya tsaya ƙarami a ɗan kwano ba dacewa ya yi da wurin ba, tsumburewa ya yi, kamar yaron da yunwa ta hana girma. Ga shi da ci da yawan kashi, ga shi kifin ruwan sanyi ne da asalinsa daga Sin yake. A zafin Afrilu namu, lokacin da rana ke haura digiri 40, ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, golfish ne ke fara galabaita. Shi ne aka fi tura wa mai farawa, kuma a ganina shi ne bai kamata a fara da shi ba.

Ɗan sharar nan kuwa, fileko sunansa, daga Kudancin Amurka. Gaskiya yana kankare gansakuka, amma ba ya cin kashin kifi kamar yadda ake faɗa, nasa kashin ma ya fi na kowa yawa, kuma irin wanda aka fi sayarwa yana wuce santimita 30. Babu kifin da zai ɗauke maka aikin canza ruwa. Kifin da ake kira oska yana da kyau yana ƙarami, amma shi ma santimita 30 yake kaiwa, kuma duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne. Akwai wani mai sheƙin azurfa da suke kira shak, ɗan yatsa guda a shago. Dangin tarwaɗa ne daga kogin Mekong, yana iya wuce mita ɗaya. Kifin koi kuwa na tafki ne, ba na akwati ba. Shi kuma beta, mai dogon fiffike kamar an yi masa ado da leshi, gaskiya ne yana shaƙar iska daga sama, shi ya sa ake ajiye shi a kofi a ce ya ishe shi. Ya rayu daban, ya ji daɗi daban. Ka ba shi kamar lita 20 da ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28, wanda ke nufin a hunturu sai da hita, kuma kada ka haɗa maza biyu.

Kada ka sayi kifin da ba ka san sunansa ba. In an ce maka "mai ja" ko "mai layi-layi", ɗauki hotonsa, ka koma gefe ka bincika a wayarka: girmansa, zafin da yake so, da wa yake zama, shi kaɗai yake rayuwa ko cikin garke. Ƙananan tetira, alal misali, sai sun kai shida suke sakewa. Mai shagon kirki ba ya jin haushin wannan. Alamar na kirki ma ita ce shi zai tambaye ka: lita nawa akwatinka, yaushe ka haɗa shi, me ke ciki. Na taɓa haɗuwa da wanda ya ƙi sayar min da kifi, ya ce, "Yallaɓai, wannan zai cinye maka sauran." Wurinsa nake zuwa har gobe, ko da ya fi tsada.

Kafin ka miƙa kuɗi, tsaya minti biyar kana kallo kawai. Akwai matacce a ƙasa da ba a cire ba? Akwai mai fararen ɗigo a jiki kamar an barbaɗa masa gishiri, ko mai goga jikinsa a tsakuwa, ko wanda ya tsuke fikafikansa ya raɓe a lungu? In ka ga haka bar akwatin gaba ɗaya, har da masu kama da lafiyayyu, domin cutar farin ɗigo ta ruwa take yaɗuwa. Ka lura ko raga ɗaya suke tsomawa ko'ina. Ka nemi a jefa abinci ka ga wanda kake so yana ci. Sannan ka sayi kaɗan, uku ko huɗu, ka ƙara bayan mako biyu. Da ka iso gida ka ɗora ledar a kan ruwan akwatin minti 15 zuwa 20 zafinsu ya daidaita, ka ɗebo kifin da raga, ruwan shagon kuma ka zubar. In da hali, sabon kifi ya yi mako biyu zuwa huɗu a wani wurin daban kafin ya shiga cikin tsofaffi.

Shawarar da ta fi yi min ɓarna ita ce ta wanke komai tas. Duk Juma'a nakan kwashe kifin in sa a bokiti, in wanke tsakuwa da soso a bakin famfo, in cika sabon ruwa. Ashe duk mako kashe bakteriyan nan nake yi, komai ya koma farko. Yadda ake yi shi ne ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo sau ɗaya a mako, kana bi ta cikin tsakuwa, kifin suna ciki abinsu. Soson filta in ya toshe, a cikin ruwan da ka zuƙe za ka matse shi, ba a famfo ba. Sabulu ko garin wanki kada su kusanci akwatin, bokitinsa ma a ware shi daban. Ruwan famfo sai an ɗiga masa maganin kulorin. Ajiye shi ya kwana yana korar kulorin, amma ba ya korar kuloramin, ɗan'uwan kulorin da wasu hukumomin ruwa ke amfani da shi. In daga 'yan garuwa kake saye, tabbatar jarkar ba ta taɓa ɗaukar fetur ko kalanzir ba.

Abinci sau ɗaya ko biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu. Kifi kullum kamar mayunwaci yake, kada ya yaudari yara.

Magani kuwa, kada ka zuba don an ce "rigakafi ne". Shuɗin nan da aka ba ni yana da amfaninsa, amma a akwatin da kifinka ke zaune yana kashe bakteriyan filta, haka ma kafson mutane da wasu ke cewa a fasa a zuba. Gishiri ba na kullum ba ne, kuma kifi marasa ɓawo irin dangin kurungu ba sa jure shi da yawa. In kifi ya canza, fara gwada ruwa, ka canza kashi ɗaya cikin uku, sannan ka nemi sunan cutar. Rai ne ka tsare a gilashi, ba shi da inda zai gudu, kuma dukkanmu mun san hadisin matar da ta kulle kyanwa. Bai kamata a yi ta gwaji a kansa ba.

Akwai abu biyu na ƙasarmu da ban taɓa jin mai shago ya ambata ba. Na farko ɗauke wuta: bakteriyan filta iska suke buƙata, in ta tsaya awanni da yawa sukan fara mutuwa. Sayi ɗan famfon iska mai batiri ko mai caji, kuma ranar da babu wuta ka rage abinci. Na biyu maganin sauro. Feshin da muke yi da magariba, da fiya-fiya, guba ne mai tsanani ga kifi. Kafin a fesa a kashe famfon iska, a rufe akwatin ruf da leda ko jiƙaƙƙen tawul, sai ɗakin ya sha iska a buɗe. Mafi alheri ma kada a fesa a ɗakin.

Baƙin nan guda da ya tsira daga cikin shidan farko, shekara biyu ya yi a wurina har ya fi tafin hannuna tsawo, juyawa ma ta fara yi masa wuya. Ban sake shi a kududdufi ba, domin baƙon kifi yana ɓata wa na gida wuri. Na kai wa wani abokina mai tafkin siminti a gidansa. Akwatin yanzu ƙananan kifin gupi takwas ne a ciki da 'yan tsirrai, kuma yarinyar ce ke ɗiga ruwan gwaji duk Juma'a bayan la'asar, tana rubuta lambobin a bayan littafinta na lissafi.