Kafin jami'a ta sayi sabuwar manhaja, a fara zana taswirar aiki

Ni aikina kula da kwamfutoci ne a wata babbar makaranta nan arewacin Kamaru, ba sai na kama suna ba. Bara wata ɗaliba ta zo karɓar takardar sakamakonta, a ofishin rajista an rubuta Aissatou, a sashensu Aichatou, wajen masu kuɗi kuma lambar matirikil ɗinta ta wani yaro ce daban, sati uku baiwar Allah nan tana zarya da dosiye a hannu. Washegari oga ya ce a sayo sabuwar manhaja. Na ce ranka ya daɗe, uku muke da su, ba wadda take magana da 'yar uwarta.

To ga yadda nake ganin ya kamata a bi. Akwai wata taswira ta ayyukan jami'a mai suna HERM, ƙungiyar CAUDIT ta jami'o'in Ostareliya da Niyu Zilan ce ta faro ta, daga baya UCISA ta Birtaniya da EDUCAUSE ta Amurka da EUNIS ta Turai suka shigo ciki. Ta jera duk abin da jami'a ke yi, koyarwa da bincike a tsakiya, sai masu tallafa musu irin su kuɗi, ma'aikata, laburare da gine-gine. Ka buga ta a babbar takarda ka manna a bango.

Sai ka tara mutanen da ke aikin da hannunsu, ba shugabanni kawai ba, wallahi magatakardan nan da ya shekara ashirin a rajista ya fi kowa sanin inda gizo ke saƙa. Ka ba su alƙalami kala uku, kore ga abin da ke tafiya, ruwan ɗorawa ga mai ɗingishi, ja ga wanda babu shi sam. A nan za a yi ta gardama, ka ƙyale su, gardamar ita ce aikin. Kuma kar ka haɗiye taswirar yadda take, ba don mu aka zana ta ba. Mu tsarin LMD muke bi, wato lisans, masta, dokta, kiredi 30 a zango, 180 kafin a samu lisans, wato digiri na farko, ga jarrabawar cike gibi, ga kuɗin rajista sefa 50,000 a jami'o'in gwamnati irin na Marwa da Ngaundere da Garwa, duk sai ka sa su da sunan da aka san su da shi.

Bayan nan sai bayanai, kuma nan ne zancen yake. Kowane bayani a ba shi mai shi guda ɗaya. Sunan ɗalibi da matirikil na rajista ne, kowa daga can zai ɗauka, ba wanda zai sake bugawa da hannu. Maki na sashe ne, rasit na akanta.

Tsarin TOGAF, littafin jagora ne na tsara aikin ma'aikata da kwamfutocinta wanda ya fito tun 1995, hawa huɗu ya yi wa abin, aiki, bayanai, manhaja, sannan na'ura, wannan jerin kaɗai ya ishe ka, sauran littafin nauyi ne da shi. Wajen manhaja ka rubuta komai, har fayil ɗin Excel da ke cikin filashin sakatare, don sau da yawa shi ke riƙe da makarantar. Wajen na'ura kuwa ka sa ɗauke wuta da zafin watan Afrilu a lissafi, saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanai, a ɗakin da ba sanyi ba ta daɗewa, a tanadi sola da kwafi na biyu a wani gini.

In kana son zane mai tsabta akwai manhajar Archi, kyauta ce. Mu dai har yanzu taswirarmu na bango, jan alƙalami ya fi yawa a wajen bincike, shi za mu taɓa bayan hutu in Allah ya kai mu.