Yadda na gyara kwalbatin garinmu da ya tsattsage

Da aikin gayya muka zuba kankaren kwalbatin hanyar kasuwa, ana tsakiyar hunturu. Kwana uku sai ga samansa ya tsattsage kamar busasshen tafki, gefen kuwa in ka kankare da farce gari ne ke zubowa. Nan take matasa suka ɗora wa siminti laifi. Ni dai ban yarda ba.

Na ɗebo yashin da aka yi kwaɓin da shi na zuba a kwalba, na cika da ruwa, na girgiza na ajiye. Da ya kwanta sai ga laka ta yi kauri a samansa. Ashe yashin gefen gona aka kwaso don ya fi kusa. Ga shi kuma masu kwaɓi sun yi ta ƙara ruwa don shebur ya yi sauƙi, sannan ba wanda ya tuna da yi wa kankaren ban ruwa bayan an zuba, har ni.

Muka sa guduma muka farfashe duk inda ya yi laushi har rodi ya bayyana, muka wanke ƙurar. Aka kawo yashin rafi mai kaifi. Buhun siminti ɗaya mai kilo 50, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa, ruwa kaɗan kaɗan. Na tsaya a kan mai bokiti da kaina. Da la'asar muka zuba, ana caccaka da guntun rodi don iska ta fita.

Washegari muka lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhunan algarara, yara na yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7. Amalanke kuwa sai da aka cika kwana 28 na bari ta hau.