Idan sitiyarin tsohuwar a-kori-kura ya fara wasa

Hilux ɗina ta girmi babban ɗana. Da ita nake ɗauko hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau, kuma bara da damina ta ɓullo da wani hali: kana tafiya a miƙe sai ta riƙa zamewa gefe kamar akuya ta hango dusa, ka jawo ta dama ta zarce, ka mayar hagu ta wuce. In tirela ta gifta kuwa, hannu biyu za ka sa kana salati. Wani bakanike ya ce akwatin sitiyari ne, ya ɗaure kusar da ke kansa tamau, ya karɓi kuɗinsa. Sitiyarin ya yi tauri, in na sha kwana ba ya dawowa da kansa, yawon kuma yana nan. Daga ranar na koma bin abin daki-daki, akwatin kuma shi nake bari ƙarshe.

Fara da taya, tunda duba ta kyauta ne. Je wurin mai faci ya auna iskar duka huɗun da ma'auni, ba da bugun ƙafa ba. Tayoyin gaba su zama iri ɗaya, girma ɗaya. Mu masu sayen na hannu mukan haɗa wannan da waccan, sai kowace ta riƙa jan motar nata wajen. Shafa tafin hannunka a kan tayar: in gefe ɗaya ya cinye, ko ka ji kaifi-kaifi kamar haƙoran zarto, saitin ƙafafun ya goce.

Ka kuma lura ko sai da lodi take yi. In ka jibga buhuna har baya ya zauna, kan motar yana ɗagawa, tayoyin gaba ba su kama ƙasa sosai. Wannan aikin sifirin ne da yawan kaya, ko sabon akwati ka sa ba zai hana ba.

Sai awon wasan. Tsayar da mota a wuri shimfiɗaɗɗe marar gangara, ƙafafu a miƙe, ka leƙa ta taga kana juya sitiyari a hankali da yatsa biyu. Nisan da bakin sitiyarin zai yi kafin taya ta motsa bai kamata ya wuce milimita 30 ba, wajen faɗin yatsu biyu ke nan. Nawa ya kusa tafin hannu.

Yanzu ka samo mutum na biyu. Ni yaron motata nake sawa ya zauna yana kaɗa sitiyari hagu da dama, gajere-gajere, ba tsayawa, ni kuma na shimfiɗa buhu na shiga ƙasa da tocila, birkin hannu a ja, dutse a bayan taya. Kada a ɗaga motar a nan. Nauyinta ne ke tona asirin abin da ya saki. Bi motsin tun daga sama: sandar da ta sauko daga sitiyari, mahaɗinta, akwatin, hannun da ya fito daga ƙarƙashin akwatin, doguwar sandar tsakiya, har zuwa tairod na kowace ƙafa, wato guntun sandar da ke juya ƙafar. Kama kowace gaɓa da hannu. Inda wannan ɓangare ya motsa ɗaya ya makara, ko ka ji ƙas-ƙas a tafinka, nan ne ɓarawon. Robar da ta yage giris ya tsiyaye ma shaida ce. Dubi akwatin kansa ko yana rawa a jikin shasi, don notocinsa kan saki, wani lokaci ƙarfen wurin ya tsage. A tawa, hannun da ke ɗaya gefen, wanda ke riƙe da ƙarshen sandar tsakiya, shi ke yin sama da ƙasa, bushinsa ya ƙare ƙaf. Tairod ɗin hagu kuma wani ya taɓa soka masa ƙusar kafinta a madadin fil. Na daɗe ina kallon ƙusar nan.

Bayan haka a sa jak, a tokare shasin da ƙaƙƙarfan katako, kada ka amince wa jak shi kaɗai. Kama taya ta gefe da gefe ka girgiza: wasa a nan na tairod ne ko wancan hannun. Kama sama da ƙasa: boris ne ko bol join, wato gaɓar da ke riƙe da ƙafar tana juyawa a kanta. Don ka bambance, sa yaro ya taka birki ka sake girgizawa. In wasan ya ɓace, boris ne. In yana nan, bol join ne, kuma wannan ba a yi masa sai gobe, domin in ya fita ƙafar gaba ɗaya ke kwantawa.

Sai komai ya tsaya daram sannan ka waiwayi akwatin. Duba mansa tukuna. Kwance notin da ke riƙe da kusar saiti, ƙafafu a miƙe, ka ɗaure kusar kaɗan, abin da bai kai rubu'in zagaye ba, ka kulle, ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe. In ka ji ya cije a tsakiya, ka zarce, sassauta. Akwatin da ya ci ya cinye kuwa saiti ba ya mayar da shi, sai dai ka nufi Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota ta Kano, neman wani.

Ni bushi da tairod ɗaya na sauya, na sassauta abin da wancan bawan Allah ya ɗaure, sannan na kai ta aka yi alaimen, wato saitin ƙafafu. Ka tabbata ka yi shi duk sanda aka taɓa tairod, in ba haka ba kafin kaka ta wuce ka sake komawa wajen mai taya.